Akawal a Ɗakin Bulo

Ni dai tun asali tsoron doki nake yi, kuma ban taɓa ɓoye wa kowa ba. 'Yar manoman albasa ce ni daga bakin Watari, ko jaki ban taɓa hawa ba, sai ga shi Allah ya haɗa ni aure da mutumin da ba shi da zance sai na dawaki. Malam, wato maigidana, dawaki uku gare shi, kuma da su muke ci. Asabar da Lahadi 'yan kwaleji daga Bici da 'ya'yan 'yan kasuwa daga Kano sukan zo ya koya musu hawa, yadda ake sa ƙafa a likkafa, yadda ake riƙe linzami ba a yaga bakin dabba ba. Biyu jajaye ne masu sanyin hali, su ake ɗora wa sababbin zuwa. Na ukun baƙi ne wuluk, irin wanda masu dawaki ke kira akawal, kuma shi ne ran Malam. In ya dawo daga tafiya sai ya gaisa da akawal kafin ya tambayi lafiyata. Na yi mita har na gaji na bari.

Da can a fili suke, gindin wata tsamiya a bayan gida, kowanne da turkensa, ga rumfar kara, ƙasa kuwa yashi ne da ake kwashewa a zubo sabo. Ban taɓa jin ɗayansu ya yi tari ba. To mu nan gona na jingine da gona, gida na jingine da gida, babu wani sarari da ba shi da mai shi. Da aka raba gadon surukina, filin ya faɗa rabon ƙanen Malam, shi kuma ya kewaye shi ya dasa rogo, kuma ban ga laifinsa ba, shi ma iyali gare shi. Duk inda ka kafa turke a waje, doki zai miƙa wuya ya ci shukar wani, a wuni ana shari'a wajen mai unguwa. Sai Malam ya ja gini a cikin gida, jikin ɗakina: bulo, rufin kwano, daɓen siminti, ƙofar ƙarfe, da wata 'yar taga can sama wadda ko kan akuya ba zai shiga ba. Ya kafa zobban ƙarfe a daɓen maimakon turke, ya gicciya katako a sama ya loda harawa daidai kawunansu.

Duk wanda ya zo sai ya yaba. Iyayen yaran suka ce ai wannan barga ce irin ta birni, Malam kuwa baki har kunne. Ni da bango ɗaya ya raba mu, ni na fara jin abin da suke ciki. Siminti ba ya shan fitsari. Ko an share an wanke, da hantsi ya yi kwano ya ɗau zafi, in aka buɗe ƙofar nan sai zarni ya sa idonka hawaye. Duk sanda aka jawo dami kuma, garin harawa ya dinga zubo musu a fuska ke nan. Na ce, "Malam, ɗakin nan fa wari yake." Ya ce, "Ke da ba ki san doki ba, ina kika san warinsa?" Na ce to, Allah ya ba da haƙuri.

Wata Asabar wani saurayi cikin masu koyo ya ɗauki bidiyon akawal yana taku, ya watsa a waya. Kafin ka ce me, mutane sun fara zuwa ƙofar gidanmu takanas don su gan shi. Ka ji ana "Kai, wannan doki!" "Kai, dubi wuya!" amma da wuya ka ji wanda ya ce tubarkalla. Ba a jima ba akawal ya fara tari.

Inna, mahaifiyar Malam, tare muke zaune, ɗakinta na fuskantar nawa. Tsohuwa ce da ta tashi gidan masu dawaki, kuma a gidan nan in ta yi magana an gama. Ta tsaya bakin barga ta saurari tarin, ta juyo ta dubi ɗanta. Ba ta faɗin sunansa, don ɗan fari ne. Ta ce, "Ɗan nan, baki ne ya kama shi. Ka baza dabba a duniya kowa ya zuba masa ido, me kake jira?" Ni ma fa na yarda da kambun baka, na ga yaran da ya kwantar, na ga saniyar da nononta ya ƙafe rana ɗaya.

Daga ranar aka ɓoye akawal. Aka mai da shi can ƙuryar ɗakin, nesa da ƙofa, jajayen suka tare shi. Aka daina fita da shi kilisa, balle a ɗora masa ɗalibi. Malam ya cusa buhu a tagar don kada wani ya leƙa, ya sayo kwaɗo ya sa a ƙofar, mukullin kullum yana aljihunsa. Safe da yamma Inna ta zuba garwashi a kasko, ta barbaɗa habbatus sauda da wasu sassaƙe-sassaƙe, a shigar a ajiye, a ja ƙofa don hayaƙin ya ratsa shi.

Kada a ce Malam bai nemi magani ba. Ya je har Bagwai ya ɗauko malamin dabbobi a babur. Mutumin ya yi wa akawal allura, ya ce a sauke harawar nan, a bar masa iska. Malam ya cire buhun. Sai aka yi rashin sa'a, washegari aka kama wasu samari sun taka dutse suna leƙe ta tagar, da yamma kuma tarin ya tashi fiye da kullum. Inna kallon ɗanta kawai ta yi. Buhu ya koma inda yake.

Tarin nan har yau yana kunnena. Busasshe ne, daga can ƙasan ciki yake fitowa, kamar ana buga tulun da ba ruwa. Ina sallar azahar ina jin sa ta bango, sai in rasa raka'ar da nake. Ran da na hango shi ana shara, na ga hancinsa a buɗe wangam, haƙarƙarinsa duk a waje, cikinsa na matsawa sau biyu kafin numfashi ɗaya ya fita. Tsoro biyu ya haɗe min. Ina tsoron bakin mutane, ina kuma tsoron ɗakin nan, don ni mai shiga madafa ce, na san yadda ƙirjina yake yi in ɗanyen itace ya turnuƙe ni. Na gwada faɗa wa Malam. Ya ce, "Maman yara, so kike in ƙaryata Inna?" Idonsa duk ya faɗa, abinci ma ba ya ci. Na rasa ta inda zan ɓullo masa.

Abin ya zo ne wata Juma'a cikin bazara, irin zafin da ƙarfe ba ya taɓuwa. Ƙauyenmu ba a Juma'a, sai an tafi garin gaba, saboda haka da rana ta take babu namiji ko ɗaya a unguwar, har yarana sun bi babansu. Kafin su tafi Inna ta ce yau babbar rana ce, a ƙara turaren. Aka shigar da kasko cike, Malam ya datse kwaɗo ya tafi da mukulli.

Ina tankaɗe a inuwar ɗakina na ji tarin ya tsaya. Na ce alhamdulillahi. Sai wani sauti ya maye gurbinsa, wani irin fito mai tsawo, ja da kyar, saki da kyar. Sai dum! a jikin bango, har ƙasa ta zubo daga saman ƙofata. Jajayen suka ɗauki haniniya. Dum kuma! Na tashi na manna kunne a ƙofar bargar, ƙarfen ya ƙona ni. Hayaƙi na tsiyaya ta ƙasanta. Innalillahi, na ce, dokin nan mutuwa yake yi.

Ban san sanda na ɗauko taɓarya ba. Inna ta fito da carbi a hannu ta ce, "Ke 'yar nan, lafiyarki kuwa? Me za ki yi?"

Na ce, "Inna, shaƙewa yake yi."

Ta ce, "Abin ne ke fita daga jikinsa. In kika buɗe kin ɓata aikin."

Tunda na zo gidan ban taɓa mayar mata da magana ba. Ran nan na ce, "Inna, ki gafarce ni, zo ki sa kunne." Ta zo ta sa. Na ga fuskarta ta sauya, carbin ya tsaya a hannunta. Ta ja da baya, ba ta ce buɗe ba, ba ta ce bari ba. Na ɗaga taɓarya na dinga maka wa kwaɗon, ina salati ina kuka, har marikinsa ya ɓalle daga bulon.

Da ƙofar ta buɗe, zafi da hayaƙi da zarni suka doke ni, na durƙusa ina tari. Can ciki duhu ne, idon akawal kawai nake hange, fari fat. A lokacin na tuna a ɗaure yake ta ƙafar gaba, kuma babu hanyar isa wajensa sai ta bayan jajayen nan biyu, ga su suna ta watsa ƙafafu. Na miƙe na tsaya bakin ƙofar. Ni da nake kewaya gida ta baya don kada in gifta kusa da doki a sarari, yau ni ce zan bi ta ƙarƙashin wutsiyarsu? Na ji ana cusa min wani abu a hannu. Inna ce, wuƙar yankan kuɓewa ta ɗauko. Ta ce, "Bi jikin bango, kada ki yi gudu. Ni zan yi musu magana."

Tsohuwar nan ta shiga gabana, ta ɗora hannu a gadon bayan na farko tana wani irin gunaguni da ban taɓa jin ta yi ba, a hankali, kamar mai lallashin jariri. Na manne da bango na ja jiki. Kofato ya wuce ta gefen kunnena ya daki bulo, na ji iskarsa. Na rufe ido na ci gaba. Da na isa ƙuryar, akawal ya jiƙe sharkaf, ya ja igiyar har ta shige cikin fatar ƙafarsa. Na tsuguna daidai ƙirjinsa, ina jin fiton nan a saman kaina, ina cewa a raina in ya faɗo kaina shi ke nan, sai dai a zo a tarar. Wuƙar ba kaifi. Na yi ta gurzawa har igiyar ta tsinke.

Da kansa ya nemi haske. Ya ture ni, ya matse jajayen ya fita yana tangaɗi. Inna ta biyo shi da kaskon a hannu, ta naɗe shi da gefen zanenta, ta kife shi a kwata. Akawal ya tsaya tsakar gida ya ware ƙafafu, ya miƙe wuya ƙasa yana jan iska. Maƙwabta mata da suka ji bugun ƙofa suka shigo a guje. Muka kwashe ruwan randa duka muka zuba masa, wata na yi masa fifita da faifai. Na ɗauka ya tsira, har na fara dariya cikin kuka. Sai gwiwoyinsa suka lanƙwashe, ya kwanta a gefen turmi.

A haka masu Juma'a suka dawo suka same mu. Maza suka cika tsakar gidan da ba a saba shiga ba, ba wanda ya tuna da sallama. Malam ya dubi ƙofar, ya dubi taɓaryar a ƙasa. Ya durƙusa cikin caɓi da farar rigarsa, ya ɗora kan akawal a cinyarsa, yana share masa kumfar baki da hannun riga. Wani dattijo ya ce a kawo tabarma a kare shi, mutane sun yi yawa. Inna ce ta amsa, muryarta a dishe. Ta ce, "A'a, ku dai matsa, ku bar masa iska."

Aka matsa. Muka yi tsaye muna kallon cikinsa yana tashi yana sauka, kowane ja ya fi na baya nisa. Ni addu'a nake, amma idona na kan Malam, don ban san abin da zai rage na mutumin nan ba in dokin ya tafi. Kafin a kira la'asar cikin ya sauka bai sake tashi ba. Gidan ya yi tsit, sai sheshsheƙar Inna.

Cikin shirun nan ne muka ji shi, daga cikin bargar, inda jajayen ke ɗaure har yanzu. Tari ne busasshe, daga can ƙasan ciki.  Na dubi Inna, Inna ta dubi ɗanta.

Malam ya sauke kan akawal a hankali ya miƙe, rigarsa duk taɓo. Ya ce wa ƙanensa ya fito da dawakin. Sannan ya juyo gare ni ya ce, "Maman yara, miƙo min taɓaryar nan."

Na miƙa masa. Ya shiga ya fara dukan bangon daga ƙarƙashin tagar, bulo na farfashewa yana zubowa waje. Yana duka, ɗaya daga cikin jajayen na tsaye a tsakar gida kusa da gawar, ya sunkuyar da kai yana tari.