Zambon da na sa aka yi wa ƙanena

Ni ne na yi kuskure, ba makaɗi ba, ba kuma mutanen gayya da suka yi dariya ba. Na daɗe ina raba laifin nan ina miƙa wa kowa rabonsa, amma duk sa'ad da na zauna ni kaɗai sai in ga ya dawo gabana gaba ɗaya. Ni na taka har gidan makaɗin noma, ni na ce ya yi wa ƙanena zambo a gaban jama'a, alhali ƙanena ba shi da lafiya.

Mu biyu ne maza a gidanmu, a wani ƙauye gefen Birnin Tsaba cikin ƙasar Zurmi. Tun da mahaifinmu ya rasu gandu ya dawo hannuna. Gero da dawa muke nomawa, rumbunmu ɗaya, tukunyarmu ɗaya. Na girme shi da shekara tara, amma a gona ban taɓa kama ƙafarsa ba. Kafin ladan ya yi kiran farko ya riga ya tashi yana wasa hauya a bakin zaure. Innarmu takan ce zakaran gidanmu sai ya ji motsinsa yake samun ƙarfin yin cara.

Ranar wata kasuwar Shinkafi 'yan bindiga suka tare motar da ya shiga, suka kora su daji. Ya yi kusan wata biyu a hannunsu. Yadda aka yi ya fito wani labari ne dabam, ba shi na zauna rubutawa ba. Ya dawo ana ruwan shuka, ya rame, ƙafafunsa duk tsaga, amma ba karaya ba harbi. Muka yi sadakar gumba, aka yi ta zuwa barka. Ni a ganina magana ta ƙare ke nan. Mutum ya dawo da ƙafafunsa biyu, sai godiya, sai gona.

Sai dai safiya ta daina yi masa aiki. In an kira asuba sai matarsa ta yi ta tashinsa, ya yi salla a zaune, ya koma ya kwanta ido buɗe. Har hantsi jikinsa kamar an jiƙa buhu. In ka yi masa magana sai ya daɗe kafin ya amsa. Amma da la'asar ta yi sanyi sai ka ga wani mutum dabam. Ya miƙe, ya zagaya gida, ya duba ƙyauren zaure, ya leƙa bayan danga, ya dawo ya sake dubawa. Ko mashin ɗin ɗan acaɓa ya wuce sai ya tsaya cak yana saurare. Matarsa ta ce ba ya samun barci sai gab da asuba. Ciwon kai ba ya barinsa, mura na tafiya wata na zuwa, wani ɗan rauni da ke ƙafarsa ya ƙi warkewa.

Duk wannan na gani, amma safiyar kawai na riƙe. Nakan ce a raina, wanda ke da ƙarfin sintiri da yamma ai ba ciwo ke gare shi ba. Wata rana ina ɗaure hauya a bayan keke, na ga shi kwance a kan tabarma rana ta fara taɓa ƙafarsa, sai baƙin ciki ya kama ni. Na ce wa Inna, da ƙarfi don ya ji:

"Inna, riga ce kawai daji ya maido muna. Mai rigar yana can."

Inna ta ce, "Kai dai ka ji tsoron Allah. Wanga yaro ba haka yake ba."

Ƙanena yana jinmu. Ya juya fuskarsa wajen bango.

Ba ina neman uzuri ba ne, amma ya kamata a san halin da noma ke ciki a wajenmu. Gonakin nesa mun bar su tuni. Na kusa da gari ma ba a yini cikinsu. Daga an sallame asuba ake fita, hantsi na ɗagawa kowa ya kama hanyar gida, don ba wanda ke son rana ta yi masa tsaka a fili. Wannan 'yar safiyar ita ce dukan abin da manomi ya mallaka, ita ce kuma ƙanena ba ya iya tashi cikinta. Ciyawa ta taso wa geronmu har ta fara shaƙe shi. Da na ga ni kaɗai ba zan iya ba, sai na kira gayya, wato na roƙi maƙwabta su taru su taya mu noman safiya guda, mu ciyar da su fura da tuwo.

A wajenmu gayya ba ta cika sai da makaɗi. Yana bin bayan manoma da gangarsa, yana yi wa kowa kirarin gidansu. Mun taso mun ga yadda kiɗa ke tayar da mutum. Wanda ya gaji liƙis, in aka ambaci kakansa sai ya zabura kamar an zuba masa wuta. Wanda kuma kirari bai tayar ba, sai a juya masa ganga a yi masa zambo, a yi ta yi masa ba'a har kunya ta sa ya kama aiki. Da wannan na dogara. Na ce maganin ƙanena ke nan.

Makaɗin garinmu dattijo ne, ya yi wa mahaifinmu kiɗa tun muna yara. Na same shi yana gyaran tsarkiyar gangarsa, na gaya masa abin da nake so.

Ya ce, "Kirari kam zan yi mashi, har in ƙara. Amma zambo na rago ne. Ɗan'uwanka ba rago ba ne, kowa ya sani."

Na ce, "Baba, ni ka kwana gida ɗaya da shi. In kirari bai yi ba, ka taɓa shi kaɗan. Ƙanena ne, ba zan cuce shi ba."

Har na faɗa masa maganar rigar, ina dariya, na ce ya saka ta cikin kiɗa. Ya dube ni ya daɗe, sannan ya ce, "To, kai ne babba."

Ranar gayya ni na tashe shi da kaina. Na tsaya a kansa har ya sa riga, na miƙa masa hauyarsa. Yana tafiya a bayana kamar mai tafiya cikin ruwa. An taru mutum wajen ashirin, aka ja layi, makaɗi ya saki ganga. Da ya zo kan ƙanena ya yi masa kirari mai kyau, ya kira shi bijimin gandu, ɗan mai rumbu bakwai, wanda raɓa ba ta riga shi gona. Na ga ya ɗago kai, ya yi ƙoƙari, ya sari ƙasa da sauri kamar sau goma. Sai hannunsa ya mutu. Sa'o'insa suka wuce shi, dattawa ma suka wuce shi, ya rage shi kaɗai a baya yana haki.

Makaɗi ya dube ni. Na gyaɗa masa kai.

Sai kiɗa ya canja. Makaɗi ya ce ga mai kwana har hantsi, wanda tabarma ta san shi fiye da gona. Aka yi dariya, wani ya ce, "A kawo mashi matashin kai!" Sannan makaɗi ya kawo tawa: daji ya maido riga, mai rigar yana can. Dariyar ta ragu, wasu suka sunkuyar da kai. Ƙanena bai dubi makaɗi ba, ni ya duba, don ya san a bakin wa ya fara jin wannan magana.

Ya duƙa ya kama noma kamar mahaukaci. Ƙasa na tashi, gumi na zuba, ya cim ma na tsakiya, ya wuce su. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, daɗi na ji. Na ce wa na kusa da ni, "Ka gani? Maganin ke nan." Yana kaiwa bakin gona ya miƙe tsaye, hauya ta suɓuce daga hannunsa na hagu, ya durƙusa, ya faɗi ta gefe. Da muka ɗago shi bakinsa ya karkace.

A mashin muka kai shi Zurmi, ni ina riƙe da shi ta baya, daga can aka sa mu mota zuwa asibiti a Ƙaura. Aka ce jininsa ne ya hau ƙwarai har ya taɓa ɓarin jikinsa. Allah ya taƙaita, magana ta dawo masa bayan kwana biyu, ƙafa ma ta fara motsi, amma hannun ya ƙi.

A rana ta uku likitan da ke duba shi ya kira ni da matarsa, ya yi ta tambayar yadda yake kwana da yadda yake tashi. Ita ke ba da amsa. A nan na fara jin abin da ban taɓa tambaya ba. Ta ce ya gaya mata cewa a daji, da yamma ne masu bindigar ke dawowa sansani a kan mashina, a lokacin ne kuma suke zaɓen wanda za su daka. Saboda haka daga la'asar ba mai rintsawa cikin waɗanda aka kama. Sai asuba, in sun ga gari ya waye da ransu, jiki ke sake su.

Wata biyu muna gida ɗaya bayan dawowarsa, ban san wannan ba.

Likita ya juya bayan wata takarda ya zana tudu. Ya ce akwai wani sinadari da jikin mutum ke yi, sunansa kotisol. Ga mai lafiya, gab da asuba yake tasowa, ya kai ƙololuwa jim kaɗan bayan an farka, shi ke taimaka wa jiki ya miƙe ya kama aiki. Daga nan ya riƙa sauka, da dare ya kwanta ƙasa, barci ya samu hanya. Ya ce tsoro ma yana tayar da shi, don mutum ya samu ƙarfin gudu. Amma in tsoro ya daɗe, kullum kullum, tsarin yakan lalace wa wasu. Ya ja wani layi kusan a shimfiɗe a ƙarƙashin tudun. Na safe ya ƙi tashi sosai, na yamma ya ƙi sauka. Mutum ya wayi gari a gajiye, ya kai dare a firgice, kuma in aka daɗe haka ba a rasa hawan jini, da yawan laulayi, da rauni mai wuyar warkewa.

Ya ce, "Ba ni da abin auna wannan sinadari a nan, don haka ba zan ce na gani da idona ba. Amma abin da ta faɗa ya yi kama da shi ƙwarai. Jinin kam na auna, kuma ba jiya ya fara hawa ba."

Na ce, "Likita, to ashe ba aikin ran nan ne ya kayar da shi ba?"

So nake ya wanke ni. Ya ce ba zai iya ɗora wa abu ɗaya ba. Sannan ya tambaye ni, mutumin da ba ya barci, kansa na ciwo kullum, me ya kai shi tseren noma? Matar ƙanena ta dubi ƙasa.

Ko bayan wannan ban ba shi haƙuri ba. A tarbiyyarmu babba ba ya durƙusa wa ƙarami, sai dai ya yi masa alheri a gane. Na bi wannan hanya. Na kawo kankana, na kawo fura mai nono, na yi ta zirga-zirgar sayen magani. In na shiga ya ce, "Sannu Yaya," in ce, "Ya jiki?" ya ce, "Da sauƙi." Shi ke nan. Ba ya duban idona.

Da aka kusa sallamarsa Inna ta zo daga gida. Ta ja ni waje gindin wata bishiyar dogon yaro ta ce ya gaya mata ba zai koma ƙauye ba. Zai zauna Ƙaura wajen dangin matarsa, a raba gandu, in riƙe gonakin. Ya ce masu bindiga sun dake shi amma ba su san shi ba, wanda ya san shi ne ya sa aka yi masa dariya.

Na ce, "Inna, ai ina ta yi mashi hidima."

Ta ce, "Kankana ya ce ka ba shi? A gaban mutane ka tozarta shi. Ka san abin da ya rage."

Kwana biyu ina juya maganar. A rana ta uku wasu daga cikin mutanen gayya suka zo dubiya, su biyar, har da dattijon makaɗi, ba ganga. Sun iso da hantsi, lokacin yana kwance jiki a mace. Na roƙe su su jira. Na ce ba zan yi masa magana a lokacin da ba ya iya ɗaga kai ba, na riga na yi masa haka, ya isa. Muka zauna a inuwa har aka yi la'asar.

Da muka shiga yana zaune bakin gado, hannun hagu a kan cinyarsa, idonsa tar, yana sauraren mashinan da ke wucewa a titi. Aka gaisa. Kafin kowa ya zauna na cire hulata, na durƙusa a kan siminti har kaina ya yi ƙasa da gwiwarsa. Ya ce, "Yaya, mi ne haka? Tashi." Ban tashi ba.

Na ce, "Ku da kunka ji zambon, ku ji wannan. Ba Baba ya ƙago maganar rigar ba, ni na ba shi, ya hana ni na ƙi ji. Ƙanena, ka dawo da ciwo ban tambaye ka ba, na kira ka rago alhali ba ka taɓa zama rago ba. Hannunka ba zan iya maido maka shi ba. In ka koma gida, safiya tawa ce, ka kwanta har sa'ad da jikinka ya yarda. In kuma ka zauna nan, ba ni da bakin cewa komai. Na zalunce ka. Don Allah ka yafe mini."