Yatsana a Kan Farar Takarda

Mijina Malam ya rasu ranar Talata da hantsi. Ya bar ni da ɗaki biyu na haya a unguwar Ainu Shams, da butarsa, da firiza wadda ba mu gama biyan kuɗinta ba. Ni ba na karatu, saboda haka ke mai rubuta mini, ki bi ni a hankali.

Girki ne ya kawo mu Alƙahira. Malam kuku ne a gidan wani babban ma'aikaci ɗan ƙasarmu. Da wa'adin mutumin ya cika ya koma gida, mu muka tsaya, wai sai mun tara abin komawa. Muna nan muna tarawa har furfura ta rufe mu. Sai muka koma sana'ar fura da zoɓo: ni in dama, shi ya ɗauka a mikrobas, 'yar bas ɗin haya, zuwa unguwar Madinat Nasr, wurin ɗalibanmu masu kewar gida. Zafin Masar ba ya barin fura ta kwana, shi ya sa muka ɗauki firiza a shagon bakin titinmu, inda ake biya wata-wata, jine hamsin na kuɗin Masar duk wata. Ranar ɗaukarta mai shagon ya sa Malam ya sa hannu a wata farar takarda, ya ce al'adar kasuwa ce kawai.

Lissafinmu ba na biro ba ne. Malam ya zuba ƙwallayen dabino a gwangwanin madara, ɗaya na kowane wata. In ya biya sai ya jefar da guda ta taga. Ranar da ya rasu saura goma sha biyu.

A garinmu, kafin a sallaci mamaci, wani yakan miƙe ya ce duk mai bin sa bashi ya yi magana. Masu bin sukan sunkuyar da kai su ce sun yafe, ko wani ɗan'uwa ya ce ya ɗauka. Wanda ya miƙe wa Malam abokinsa ne da kowa ke kira Ustaz, ɗalibin da ya zo karatu da baƙin gemu, gemun ya yi fari bai gama ba. Ya faɗa da Hausa, 'yan'uwanmu suka ce sun yafe, magana ta ƙare. Amma Ustaz ya ga lasifikar masallaci a kusa, ga Larabcin shekaru yana cin sa a ciki. Sai ya karɓa ya maimaita da Larabci mai ƙwari, har da ƙarin cewa iyalin marigayi a shirye suke su biya. Ni ina gida cikin mata na jiyo shi. Mai shago ma, yana zaune a ƙofar shagonsa, ya jiyo.

Ranar uku sai ga shi ya zo gaisuwa, Ustaz na yi masa jagora. Ya zauna bakin ƙofa ya yi ta sharar hawaye, har na ji kunya, don ya fi ni kuka.

"Ma'alish, sai haƙuri ya Hajja," in ji shi. "Wallahi ba kuɗina ne damuwata ba. Marigayin nake tausayi. Wanda ake bi bashi ba ya samun kwanciya a kabari."

Na dubi Ustaz.

"Haka yake, Hajiya," ya ce, yana shafa gemu. "A sauke masa nauyin nan. Ki ɗauka a kanki, shi ya huta."

Mijina na shekara arba'in yana can cikin ƙasar da ba tasa ba, babu uwa babu ƙani kusa, a ce kuma bai kwanta ba saboda firiza? Da hannuna aka ce in yanke, da na miƙa. Na tambaya nawa ne saura. Ya ce ɗari shida, daidai da gwangwanina. Sai ya zaro farar takarda daga aljihun dama, ya zaro 'yar tawadar dangwale daga na hagu. Mutum ya zo gaisuwar mutuwa da tawada a aljihu, amma ni ban ga komai a ciki ba. Na dangwala. Na ce to ya ba ni takardar Malam. Ya ce tana shago, gobe.

Ina cikin takaba, babu fita, babu mai kai fura Madinat Nasr. Wata uku ban biya ba. Na aika Ustaz ya roƙar mini haƙuri, ya dawo ya ce mutumin kirki ne, har shayi ya ba shi.

Kwana kaɗan da fitata takaba wani ɗan sanda ya ƙwanƙwasa ƙofa ya miƙo mini takarda. Na hau sama wurin maƙwabciyata Bamisriya, wadda 'yarta lauya ce. Lauyar 'yar siririya ce, ba ta rabuwa da ɓare 'ya'yan kankana a baki. Ta karanta, ta daina taunawa.

"Hajja, an yanke miki wata shida a gidan yari, ba kya nan."

"A kan firiza?"

"Babu firiza a nan. An ce mai shago ya ba ki amanar jine dubu tara ki kai wa wani mutum a Iskandariya, kika cinye."

Na yi dariya, ita ce ta farko tun rasuwar Malam, kuma ba ta daɗi ba ce. Ni da ko jirgin ƙarƙashin ƙasa ban taɓa hawa ni kaɗai ba, ni aka zaɓa duk faɗin Masar in kai kuɗi bakin teku. Kuma ranar da aka rubuta an ba ni, ina zaune kan tabarma da carbi, ko tsefe kai ban yi ba.

Ta yi mini bayani da Larabcin kasuwa, irin wanda nake ji. Bashi kaɗai ba ya kai mutum kurkuku, in ji ta, amma cin amana yana kaiwa. Shi ya sa irin waɗannan masu shago ke karɓar hannu a farar takarda, su ajiye. Ranar da ka makara sai su mayar da bashinka amana, su rubuta abin da ransu ya so.

"Abin da ya fi ba ni haushi," ta ce, "da ba ki dangwala ba, ba shi da hanya a kanki. A dokarmu bashin mamaci yana kan abin da ya bari ne, ba kan matarsa ba. Takardar mijinki kuwa, wa zai kai mamaci gidan yari? Iyakarsa ya nemi haƙƙinsa a cikin firizar. Wa ya ce ki sa hannu?"

Na ce wani malami ne.

"Me ya karanta?"

Na ce bai gama ba tukuna.

Ashe doka tana tsaye bakin ƙofata tana gadina tun ranar Talatar nan, ba ta dai yi sallama ba. Ita ba ta zuwa gaisuwar uku. Mai tawada ne ke zuwa.

Lauyar ta shigar da takarda a sake sauraron shari'ar, tunda ba a ji ta bakina ba. Ta kuma nemi a kai takardar wurin masu bincike, su duba ko yatsana ne ya riga rubutun sauka. Ta tabbatar labarin ya kai shago, tare da tunin cewa cike takardar wani da ƙarya shi ma laifi ne mai ɗauri. Kafin sati ya zagayo mai shago ya aiko wai mu 'yan'uwa ne, a yi sulhu.

Muka haɗu a barandar kotu, kan benci. Ya fara da dubu uku, saboda girman marigayi. Lauyar ta ci gaba da ɓare 'ya'yan kankanarta. Ya sauko dubu ɗaya, saboda Allah. Sai na kwance bakin mayafina na fito da gwangwanin, na juye ƙwallayen a kan bencin tsakaninmu.

"Ƙirga."

"Mene ne wannan, ya Hajja?"

"Littafin mijina ne. Shi ba a cike shi bayan an sa hannu."

Lauyar ta raɗa mini cewa ya tsorata, za ta iya sauko da shi ɗari uku. Na ce a'a. Malam ya ci ɗari shida, ɗari shida za a biya, ba zan je gabansa da ragi ba. Ta ɗaga hannu sama ta ce, "Khalas, shi ke nan, ku dai ba a iya muku." 'Yan kunnena na zinariya, waɗanda Malam ya saya mini shekarar da muka zo, su na sayar. Lauyar ko sisi ba ta karɓa ba, sai zoɓo.

Aka rubuta sulhu, aka karanta mini sau biyu kafin in miƙa yatsa, don yanzu na yi hankali. Alƙali ya buga hatimi ya rufe shari'ar, ko ɗago kai bai yi ya ga matar da ta cinye dubu tara ba. Kafin mu rabu na tare mai shago na ce saura ta Malam. Ya ce tana shago. Na ce mu je, goben nan ta yi. Na bi shi har can na tsaya a kansa sai da ya buɗe durowa.

Da yamma sai ga Ustaz, wai dama ya san Allah zai fitar da ni, ko akwai fura mai sanyi? Na ce akwai, amma kuɗi hannu. Na daina harkar bashi.

Takardar Malam tana nan cikin gwangwanin. Fara ce fat, sai can ƙasa sunan Malam da ajami, ya ɗan karkace, yadda hannunsa ke yi in yana sauri. Duk zamanmu bai taɓa rubuta mini wasiƙa ba, me zai rubuta wa wadda ba ta karatu? Wannan kaɗai ce rubutunsa da ya rage mini. Nakan fito da ita in shafa wurin, in ce masa an biya, Malam, ka kwanta. Sai in yi kukana in mayar.