Gwaggon Ɗanta

Babban ɗanta ya jima da daina ce mata Mama, kuma babu wanda ya lura a gidan. Saƙon murya zai shigo, yara su taru a kan wayar, a ji ya fara da "Barka da gida," ya zarce da labarin sanyi da tsadar haya. Ita kaɗai take jin gurbin, kamar inda aka cire haƙori.

Mai guga ake ce mata a layin. Tun rasuwar mijinta take tsaye a gaban tebur ɗaya a ɗakin ƙofar gida, tana miƙar da rigunan ma'aikata, har tafin hannunta ya yi kanta. Da dutsen gugar nan ta yi wa yaron makaranta, da shi ta kai shi filin jirgi. Yanzu ya samu takardar zama a ƙasar da ya tafi, matarsa ta haihu, ya ce zai nema mata biza ta je ta ga jikanta. Ta sayi rigar sanyi a gwanjo, ta wanke, ta rataye a bayan ƙofa.

Ranar da ya kira don ya koya mata amsa tambayoyin ofishin jakadanci, Auta ce ke riƙe da wayar, ita kuma tana yayyafa wa wani wando ruwa.

"In sun tambayi dangantakarmu, ki ce ke gwaggona ce," in ji shi.

"Wace gwaggo?"

"Ƙanwar Baba. A baki ne kawai, yanzu-yanzu an wuce wurin."

Ya daɗe yana kewaye-kewaye kafin ya fito fili. Lokacin da yake neman izinin zama, wani ya ba shi shawara cewa maraya ya fi saurin samu, shi kuma ya shaida wa hukuma uwa da uba duk sun rasu. In ta bayyana a matsayin uwa, za a ƙwace takardarsa.

"Me ya kashe ni?" ta tambaye shi.

"Haba, don Allah."

"Gaya min. Ya kamata mutum ya san ajalinsa."

Ya ce, "Gobara."

Dariya ta ƙwace wa Auta, da ta dubi fuskar uwar sai ta haɗiye abarta. Mai guga ta hango shi a ranta zaune gaban baƙi, ya sunkuyar da kai, yana share hawaye, ana ba shi haƙuri. A lokacin kuwa tana nan tsaye, tana goge rigar wani.

"Gwaggon taka tana nan da ranta," ta ce. "Auta za ta turo maka lambarta. Ita da ba ta taɓa wanke maka kashi ba, ta je ta wanke na ɗanka."

"Ke nan ba za ki ga yaron ba?"

"Gawa ba ta hawa jirgi da ƙafarta. Takardarka ba zan taɓa maka ita ba, ka zauna lafiya. Amma bakina ba zai faɗi wannan ba."

Ya fara wani bayani, ta yi wa Auta alama da ido, aka kashe wayar.

Da la'asar ta jawo kujera bakin ƙofa, ta zauna, ta yanke farcen ƙafarta.