Baba Na'ibi da Makullin Mastura

Kafin rana ta yi zafi, Baba Na'ibi ya riga ya loda tukwanen gas a 'yar motarsa ya shiga lungunan unguwar Madain Fahd, a nan ƙasa mai tsarki. Aikin da ya tsufa a kansa ke nan: ya saɓa tukunya a kafaɗa, ya hau bene, ya ɗaura ta. Sai dai shi ba ya ɗaurawa ya juya. Sai ya shafa kumfar sabulu a bakin tiyo ya ga ko iska na fita, sannan ya waiga ya tambayi masu gida, "Idan wuta ta tashi, ta ina za ku fita?" Matan unguwa har tsokanarsa suke yi, wai Baba ya fi tukunyarsa nauyi.

Wannan tambaya ce ta haɗa shi da Husaini, wani ma'aikacin tashar jiragen ruwa. Iƙamar matarsa Mastura, wato takardar izinin zama, ta ƙare, kafili, mai tsaya musu wajen hukuma, yana ta yi masa yau da gobe. Saboda tsoron masu bincike, kullum zai fita aiki sai ya garƙame ƙofar ƙarfe ya tafi da makulli, don a ɗauka babu kowa a gidan. A ciki kuwa ga Mastura, ga mahaifiyarsa Inna Larai mai ciwon ƙafa, tagogi duk da sandunan ƙarfe.

Ranar da Baba Na'ibi ya gane haka, sai ya dire tukunyar a bakin ƙofa ya ƙi shiga da ita.

"Ɗana, ban iya sa gas a gidan da mutanen ciki ba su da makulli."

"Baba, shi ke nan, ka ɗaura mana kawai. Ka san halin da ake ciki."

"Na sani. Tsoronka gaskiya ne. Amma takarda ana sabunta ta, su fa?"

Husaini ya ji haushi ƙwarai, har ya ce zai nemi wani mai gas. Dattijon ya zauna a kan tukunyarsa yana jira. Da kunya ta kama Husaini, sai ya je aka yanko makulli na biyu, Baba Na'ibi ya zura masa igiya ya ce Mastura ta rataya a wuya.

Wata Juma'a da hantsi Mastura ta sa kaskon turaren wuta a cikin durowar kaya don tufafi su kama ƙamshi, yadda matanmu suka saba, ta shiga kicin. Garwashi ya taɓa gyale. Kafin ta ankara hayaƙi ya cika ɗaki. Maƙwabta sun ga fitowarta: ta rufe kan tukunyar gas kamar yadda Baba Na'ibi ya koya mata, ta buɗe ƙofa, ta goyo surukarta ta sauko bene ba ko takalmi. Ɗakin ya ƙone ƙurmus kafin 'yan kwana-kwana su kashe wutar. Maganar iƙama daga baya aka yi ta, an sha wahala, amma da rai aka sha ta.

Baba Na'ibi, kai ne ka yarda a ji haushinka don kada a yi zaman makoki. Mai naci, mai gaskiya ko ba daɗi. Yanzu ciwon baya ya sa ka ajiye aiki, kuma wallahi muna jin kewarka tun kafin ka tafi. Mun gode, Allah ya ba ka lafiya, ya saka maka da alheri.

Mu kuma da muka rage, kowa ya dubi ƙofarsa yau, ya tabbata wanda ya bari a ciki zai iya buɗewa.

A zagayensa na ƙarshe Baba Na'ibi bai iya hawa bene ba, Husaini ne ya sauko ya karɓi tukunyar. Inna Larai ta leƙo ta taga tana sa masa albarka. Ya ɗaga kai ya ce, "Mastura, ina makulli?"

Ta jawo igiyar daga wuyanta ta nuna masa. Sannan ya tada mota.