Motar da Ba Ta Kai Mu Madina Ba

Har yau idan na ji ƙamshin ledar da ake rufe kujerun sabuwar mota da ita, sai in tsinci kaina a ƙofar gidanmu na unguwar Mahjar da ke Jidda, ina budurwa, ban daɗe da gama sakandare ba. A lokacin ni yarinya ce mai yawan shiru, wadda ta fi son zama bakin taga tana rubuta 'yan baitoci a kan ta shiga hayaniya. A Jidda aka haife ni, Larabci na zuba a bakina kamar ruwa. Mahaifina kuwa daga Damagaram ya zo, ya ƙare ƙuruciyarsa yana aiki a rumbunan kaya na tashar jiragen ruwa, Larabcinsa kuma na kasuwa ne kawai.

Burinsa guda ɗaya ne: ya ɗauke mu, ni da Umma, ya tuƙa mu da hannunsa zuwa Madina. Mun sha zuwa ziyara a motar haya, amma yakan ce wannan daban ne, domin direban haya ba zai tsaya maka a inda zuciyarka take so ba. Ranar da ya sayo motarsa ya kawo ta gida, fara sol, ya hana a cire ledar. Umma ta yi ta tsokanarsa cewa ya auro amarya amma ya ƙi a buɗe mata fuska. Ya yi dariya har da hawaye, ya ce ta shirya jakarta, bayan Sallah za mu kama hanya.

Ba a yi nisa ba motar ta fara mutuwa. Da zarar inji ya ɗauki zafi sai ta yi shiru a tsakiyar titi. Da farko Baba ya ce kambun baka ne, ya yi mata addu'a, ya hana mu gaya wa maƙwabta, wai yin ƙorafi a kan sabuwar ni'ima butulci ne. Da abin ya maimaita, ya roƙe ni in raka shi wakala, wato kamfanin da ya sayar masa da ita, in yi masa magana. Suka karɓa, suka duba, suka ce halas, an gyara. Cikin ƙanƙanin lokaci ta sake mutuwa. Muka koma. A wannan karon wani saurayi a bayan tebur ya tambayi Baba ko ya taɓa tuƙa sabuwar mota, ya ce wataƙila ƙafarsa ce take da nauyi. Ban fassara masa ba, amma ya gane. Na ga dattijon nan ya sunkuyar da kai yana murza hularsa, ni kuma da nake da kalmomin da zan mayar, sai kunya ta ɗaure mini harshe.

Da muka fito, Baba ya ce baƙo ba ya ɗaga murya a ƙasar mutane, wanda iƙamarsa, wato takardar zamansa, take hannun kafili, ɗan ƙasar da ya tsaya masa, ba ya jayayya da masu ofis. Ya ce ga ɗan garinsu nan mai gareji, abokinsa tun suna samari, wanda ya yi ta yi masa gori cewa ya samu duniya ya raina masu baƙin mai a hannu. Ya tambaye ni me na gani. Ni da ba na son in sake ganinsa a tsaye gaban teburin nan, na ce mu je wurin Baffa. Haka nake kiran abokin nasa.

Baffa ya karɓe mu da shayi da zolaya, ya ce yanzu Alhaji ya tuna da talakawa. Ya kwance inji da kyakkyawar niyya, ya canza abin da ya zata shi ne matsalar, ya ƙi karɓar ko sisi. Duk da haka motar ba ta daina ba. Da muka koma wakala, suna ɗaga bonet suka ce hannun waje ya taɓa ta, garanti ya faɗi, ba ruwansu.

Sallah ta zo ta wuce. Jakar Umma ta daɗe a bayan ƙofa kafin ta kwashe kayan a hankali, ranar da Baba ba ya gida. Ba zai yarda ya shiga da mu wannan doguwar hanya ta sahara a motar da ba ta da tabbas ba. Yakan wanke ta duk Juma'a, wani lokacin in shiga in zauna kusa da shi, ba tare da ya tayar da ita ba, yana ba ni labarin wuraren da za mu tsaya mu sha shayi, da yadda duwatsu suke yin ja idan rana ta kusa faɗuwa. Daga baya ya sayar da ita. Ciwo ya kama shi a shekarar da ta biyo, kuma bai tashi ba. Allah ya jiƙansa.

Ina rubuta wannan ne domin 'yan'uwana da suke zaune a ƙasar da ba tasu ba. Neman haƙƙinka a kan abin da ka saya ba rashin godiya ba ne, ba kuma rashin kunya ba ne. Idan sabuwar mota ta yi ta maimaita ciwo ɗaya, kada zumunci ya sa ku kai ta wani wuri. Ku koma wa wanda ya sayar, in ya ƙi saurare ku kai ƙara hukumar kasuwanci, domin tana karɓar koken baƙo kamar na ɗan ƙasa. Ku kuma 'ya'yan da aka kashe wa kuɗi kuka yi karatu, ku yi magana a ranar da iyayenku suke bukatar bakinku.

Sai bayan na yi aure wata maƙwabciyata ta ba ni labarin yayanta, wanda ya sayi irin motar a shekarar da Baba ya saya. Shi ya dage da ƙara har kamfanin ya amsa cewa aibin daga masana'anta yake, aka canza wa duk masu irinta abin da ya lalace kyauta. Baba ya koma ga Allah yana zaton shi ne bai iya tuƙi ba.