Wutar Ɗan Farin Dada

A Mayo Bani na tashi, hannun kakata Dada, don ban san babana ba. Ɗan farinta ne, kuma saboda kunyar Fulani ko bayan rasuwarsa ba ta taɓa kiran sunansa ba.

Da kaka, in an gama tuwo, sai mu zagaye murhu muna gasa masara. Ni ne mai tambayar tsiya, har takan ce bakina ya fi ƙafata sauri. Tatsuniyar da na fi so ta wani makiyayi ce da ya bi shanunsa har suka hau sama, hanya ta ɓace masa. Sai ya hura wuta don uwarsa ta san yana nan. Dada takan nuna wani ɗan fari-fari can arewa, kamar hayaƙi.

"Ban gani ba, Dada!"

"Kai ma dai! Ɗan fari ne, ba a kallon shi kai tsaye. Duba gefe."

Ina kawar da ido, sai ga shi. Ina mayarwa, ya ɓace. Abin ya daɗe yana cin raina.

Da na zama malami a Yelwa na gano cewa tarin taurari ne mai suna Andromeda, kuma gefen ido ya fi kama haske mai rauni. Na sayi ƙaramin madubin hangen taurari, ina ɗaura masa waya da robar taya.

Bara yanar ido ta fara rufe idon Dada. Na je gaishe ta, ta ce, "Wutan ya mutu. Na duba, babu."

Na ƙudura sai na ɗauko mata hoton wutar. Na yi ta fita bayan gari inda babu fitila. Hotuna suka yi ta lalacewa, yau gajimare, gobe iska ta girgiza madubin. Da ƙyar na haɗa masu kyau suka ba da guda: tsakiya jajir, gefe kamar faifai.

Na ƙure hasken wayar na miƙa mata. Na zaci za ta kawar da kai yadda ta saba. Sai ta kawo wayar dab da fuskarta, ta zuba mata ido kai tsaye, ta daɗe.

"Yana ci," in ji ta a hankali. "Hamman, wutan ka yana ci."

Ina yaro na ɗauka labarin sama take ba mu. Ranar na fara jin sunan babana a bakinta.