Ya Hana Ni Rance, Ya Ba Surukinsa Sana'ata

A lokacin ni mace ce mai tsoron shiga biro, wato ofis, ko gaisuwa zan yi sai na rage murya. Daga Maradi aure ya kawo ni Arlit. Mijina ya yi aikin haƙar uraniyom har aka rufe ramin da yake ciki, bai daɗe ba ya rasu, ya bar ni da ɗa ɗaya, saurayi, da 'yar ajiyata a ƙungiyar ajiya da rance ta unguwarmu.

Na yi tunanin sayen injin ƙanƙara, ɗana ya riƙa kai wa direbobin da ke tafiya Tchibarakaten wurin masu zinariya. Na je ƙungiyar neman rance. Ma'aikacin da ke karɓar dosiye, wato takardun neman rance, ya tarbe ni da fara'a, yana ce mini Inna. Ya tambayi inda zan sayi injin, da direbobin da muka yi magana da su, na zayyana masa komai. Da na koma ya ce kwamiti bai amince ba. Na tambayi dalili, ya ce ba a faɗa, sirrin aiki ne. Har godiya na yi masa, kuma wannan godiyar tana ƙona ni har yau.

Da babu abin yi, ɗana ya bi masu zinariya. Rami ya rufta masa, aka yanke ƙafarsa ta dama. Ranar da na je tasha tarbarsa, ana sauko da shi daga kamiyo, babbar motar kaya, na hango sabon shagon ƙanƙara, direbobina sun yi layi. Mai shagon ƙanin matar ma'aikacin ne.

Maƙwabciyata, wata tela Kirista 'yar Damagaram da ke cikin kwamitin, ta rantse mini dosiyena bai taɓa zuwa gabansu ba. Ta ce duk ɗan ƙungiyar da aka hana rance yana da ikon jin dalili, ya kuma kai ƙara gaba. Ban je na yi wa ma'aikacin faɗa ba, faɗa ya yi masa sauƙi. Na bi gida-gida ina neman matan da ya taɓa kora, na jira babban taron shekara. Na zaunar da ɗana a layin gaba da sandunansa, na miƙe na ce:

"Ku gaya mini ranar da kuka zauna a kan buƙatata, da dalilin da ya sa kuka ƙi."

Shugabannin suka kalli juna. Matan nan suka fara tashi ɗaya bayan ɗaya, kowace tana yin irin tambayata. Aka yi bincike, aka kori ma'aikacin, shagon ma ya mutu.

Ya zo gidana yana kuka wai in sa baki, yana da yara ƙanana. Na ce ya roƙi ɗana. Ɗana ya ɗaga ƙafar wandonsa kawai. Mutane suna cewa in yafe. Ban yafe ba, kuma duk sanda na gan shi yana yawon neman aiki a rana, zuciyata tana sanyi.

Nadamata ɗaya ce, na yarda da bakin mutum guda. 'Yan'uwa, in an hana ku rance kada ku sunkuyar da kai. Ku nemi dalili a rubuce, ku nemi ganin na sama da shi. Tambayar da na ji nauyin yi, ɗana ne ya biya ta da ƙafarsa.